TARIHIN KUDUDDUFIN BAYAN MAKARANTA

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da wani ɗan'uwa ya kawo a taronmu na shekara da ya gabata, cewa ƙungiya ta tara kuɗi ta cike kududdufin nan na bayan makaranta, saboda wari da sauro sun hana yara sakat a ɗakunan kwana. Hannuwa da yawa sun tashi don goyon baya. Ni dai ban ce uffan ba a ranar, domin ba na son in ja da ɗan ajinmu a gaban ƙannenmu. To amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, domin kuwa na san kududdufin nan tun yana da lafiya, kuma ina da hannu a cikin ciwon da ya same shi. Saboda haka na ga ya kamata in kawo tarihinsa kamar yadda na sani, kafin a yanke masa hukunci.

ASALINSA

Duk wanda ya tashi a garin Hausa ya san cewa kududdufi ba ya haƙa kansa. Inda duk ka ga katanga ta tashi, to akwai ramin da aka ɗebo ƙasarta. Haka kududdufan birnin Kano suka samu, haka na Katsina da Zariya da Sakkwato. Namu ma haka ne, sai dai shi katafila ta haƙa shi, lokacin da ake neman ƙasar ciko don ginin azuzuwa da hanyar shiga makaranta. Da 'yan kwangila suka tafi, damina ta zo ta cika ramin.

Lokacin da muka shigo aji ɗaya a 1980, mun tarar da shi da zurfi, musamman ta gefen gabas inda ruwa kan kai har wata damina. Akwai bado a gefensa, akwai karfasa da tarwaɗa, da yamma kuma belbela kan sauka ta yi fari fat a bakinsa. A nan muke wanki ranar Asabar, a nan kuma da yawa daga cikinmu suka koyi iyo a ɓoye, har da wasu da a yau ake kira Alhaji ana rusunawa.

Ba zan yi ƙarya in ce ruwan nan tsarkakakke ne a wancan zamani ba. Kusan kowane aji akwai mai tsargiya, kuma yaran ƙauyuka kan dawo hutu suna ɗingishi saboda kurkunu. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Alhamdu lillahi an ga bayan wannan cuta, domin mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a ƙasar nan a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar duk sun rabu da ita. Amma duk da waɗannan cututtuka, ruwan kududdufinmu a lokacin ruwa ne mai rai. Idan ka tsaya a gefensa da rani kana hango ƙafarka a ciki, kuma ba ya wari.

KALMALO DA MAJIYA

Ba za a fahimci abin da ya sami ƙaramin ruwa ba sai an dubi abin da ya sami babba. Babban ruwan ƙasar Illela shi ne tafkin Kalmalo, wanda ba mutum ya haƙa shi ba. Uwarsa ita ce Majiya, wadda ke tasowa daga duwatsun Adar a cikin Nijar, ta biyo ta Birnin Ƙonni, ta tsallako iyaka ta zube a Kalmalo. Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, wannan ruwa yake bin hanyarsa, kuma bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Masunta na ci da shi, manoman rani na ci, makiyaya na shayarwa, har gwamnati ta yi aikin noman rani a bakinsa.

Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, kowace gwamnati a yankin nan ta ƙudurta tare ruwa. A wajenmu aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. A wajen 'yan'uwanmu na Nijar aka datse Majiya a Mozage da Zango, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, don shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin fiye da kadada 2,000. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abin da zai ciyar da iyalinsa, kuma mu ma abin da muka yi wa na ƙasa da Bakolori ke nan. To amma ruwan da aka tare a sama ba ya isowa ƙasa. Ga shi kuma damina ta yi ta ƙaranci a waɗannan shekaru. Sai Kalmalo ya shiga ja da baya, har ya zama wasu shekarun ana tafiya da ƙafa a inda a da sai da kwale-kwale.

Gwamnatocin biyu sun san da wannan matsala. Suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma ranar 18 ga Yuli 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, Majiya na cikinsu. Sai dai makiyayi ba ya jiran takarda. Da Kalmalo ya janye, dabbobi da masu lambu suka watsu neman kowane ɗan ruwa da ya rage. Ga kuma kasuwar Lahadi, wadda ke tara shanu da raƙuma da tumaki daga Adar da Azbin da sauran wurare. Kafin mu kai aji uku, bakin kududdufinmu ya zama mashaya, ta gefen arewa kuma masu albasa da tumatir sun kafa jigo.

TAKIN DA YA ƁACE HANYA

A zamanin iyayenmu, taki dukiya ne. Tokar murhu, da kashin awaki, da sharar gida, duk ana tara su a juji, da bazara a ɗora wa jaki a mangala a kai gona. Bayan girbi kuma manomi kan roƙi Bafillace ya kwantar da shanunsa a gonarsa, har ya ba shi dame. Wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke fita da takin birni zuwa gonaki, abin da ya sa ake noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Wato dai abin da ya fito daga gona, gona yake komawa, kaɗan ne ke zuwa ruwa.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a shekarar ne kuma kamfanin takin supa na Kaduna ya fara aiki. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma. Takin zamani ya shigo da araha, domin gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗinsa. Ba mai musun cewa ya ƙara amfanin gona. Amma ya zo da abubuwa biyu da ba a lura da su ba. Na farko, manomi ya ga buhu ɗaya na kamfa ya fi masa sauƙi a kan zirga-zirgar jaki hamsin, sai jujin gari ya zauna a gari, ruwan sama na wanke shi zuwa kududdufi. Na biyu, tun da takin ba shi da tsada, ana watsa shi ne a saman ƙasa, ƙasarmu kuwa jigawa ce ba ta riƙo, abin da shuka ba ta sha ba sai ya bi ruwa.

Mu ma a makaranta mun ƙara namu. Lambatun kicin a nan yake ƙarewa. Salgar ɗakunan kwana tana kan tudu, kududdufi na gangare. Wankinmu kuma ya tashi daga sabulun salo ya koma garin sabulu, wanda a wancan zamani ake zuba masa sinadarin fosfat don ya fi fitar da datti.

Akwai kuma abin da ya bambanta kududdufi da gulbi, shi ne ba shi da mafita. Ruwan sama da muke samu a shekara bai cika wuce rabin mita da 'yan kai ba, alhali rana da iska na iya shanye kusan mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa. Ruwan ya tafi sama, amma takin da ya shigo da shi yana nan kwance a cikin laka, kowace shekara ana ƙara masa wani.

KWALABE BIYU

'Yan ajinmu za su tuna malaminmu na kimiyyar halittu, mutumin Gana, dogo mai farin tabarau. Wata rana a 1982 ya aiki biyu daga cikinmu muka ɗebo ruwan rijiya da ɗan cokali na ruwan kududdufi. Ya haɗa, ya raba a kwalabe biyu, ya jefa 'yan ƙwayoyin takin kamfa a ɗaya, ya jera su a taga inda rana ke bugawa. Kafin mako biyu, mai takin ta zama kore shar kamar miyar kuka, ɗayar kuwa da kyar ta sauya. Ya ce mana, abin da ke sa gero ya yi kore a gona, shi ne ke sa ruwa ya yi kore, wato naitirojin da fosfaras, domin gansakuka ma tsiro ce, tana cin abin da gero ke ci. Muka rubuta don jarrabawa, muka manta. A farkon 1983 aka kori baƙin da ba su da takardu daga ƙasar nan, shi ma ya haɗa kayansa ya bi 'yan'uwansa.

Ba a yi wata shida da tafiyarsa ba muka ga kwalbarsa a fili. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya kwashe kashin dabbobin da ya taru tun kaka ya zuba a ɗan ruwan da ya rage. Cikin 'yan kwanaki kududdufi ya yi kore, ya yi kauri. Sai aka yi kwana biyu ana lumshi, ba rana ba iska. Da asubar rana ta uku masu zuwa alwala suka dawo da gudu. Muka tarar da karfasa birjik a saman ruwa, ciki sama, waɗanda ba su mutu ba suna ta buɗe baki. Nan take magana ta rabu, wasu suka ce maganin ƙwari aka zuba, wasu suka ce mutanen ɓoye ne aka taɓa. Wani tsoho masunci daga Kalmalo, wanda ke kawo wa malamai kifi, ya tsuguna ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya shinshina.

Na ce masa, "Baba, guba aka zuba?"

Ya ce, "Ɗiyana, wagga ba guba ba ta. In da guba ta, da tarwaɗa ma ta mace. Ruwan ga ƙoshi sunka yi."

Sai bayan shekaru na gane cewa tsohon nan da malaminmu magana ɗaya suka faɗa. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, da dare kuwa shaƙarta take yi kamar kowa. Idan ta yi yawa ta mutu, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ma iskar suke ci, haka masu ruɓar da kashin dabbobi. Ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska da yawa. Idan aka yi lumshi, ba a sami ranar da za a mayar da abin da aka ci ba, sai iskar ta ƙare gab da asuba. Karfasa ta shaƙe, tarwaɗa kuwa ta tsira domin Allah ya ba ta abin shaƙar iska daga sama. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da yara ke kuka da shi a yau, daga lakar da iska ta ƙare mata yake fitowa.

A 1984 fari ya yi tsanani, kududdufi ya ƙafe ƙaf a karo na farko. A nan ne nawa laifin ya shigo. Zamanin yaƙi da rashin ɗa'a ne, ni ne kuma shugaban tsabta na ɗalibai. Ina son a yaba mini, sai na sa ƙannenmu su riƙa kwashe sharar makaranta duka, da ta kicin, suna zubawa a ramin, tun da babu mai duba can. Aka yaba mini kuwa a gaban asambuli. Waɗanda na sa wannan aiki da bulala a hannu, ina roƙonsu gafara. Damina ta dawo ta rufe sharar, kuma tun daga nan ruwan bai sake komawa yadda muka same shi ba.

BA MU KAƊAI BA NE

Abin da malaminmu ya yi da kwalabe, wani masani mai suna David Schindler ya yi shi da tafki sukutum a ƙasar Kanada a 1973. Ya raba tafkin biyu da labulen roba, ya zuba naitirojin da kabon a kowane ɓangare, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Wannan ɓangaren ne ya yi kore. Hoton tafkin ya zagaya duniya, ya ƙarfafa dokokin rage fosfat a garin sabulu da ruwan lambatu a ƙasashe da dama.

Haka kuma an gano cewa wani irin kore da ke tasowa saman ruwa kamar an zuba fenti yana iya fitar da dafi mai lalata hanta. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da suka mutu bayan sun sha irin wannan ruwa a tafkin Alexandrina na Ostireliya. A watan Agusta na 2014, an hana mutane kimanin 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka saboda wannan dafi, kuma tafasawa ba ta kashe shi. Mai shayar da dabba ya kamata ya san wannan.

A makarantar zaure an koya mana a dubi launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan ma'auni ne na tsarki, kuma malamai ke da maganarsa. Amma ta fuskar sha akwai abin da ke wuce waɗannan alamomi uku, shi ne naitiret, wanda ke tsiyaya daga salga da taki zuwa rijiyoyi marasa zurfi ba tare da ya sauya komai a ido ko a baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita, domin idan ya yi yawa yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Rijiyoyin unguwar da ke gangaren makaranta sun cancanci a auna su.

SHAWARATA

Ina roƙon ƙungiya kada ta cike kududdufin nan. Duk ruwan da ke sauka a rufin azuzuwa da filin ƙwallo, nan yake zuwa. Idan aka cike shi ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakunan kwana da gidajen maƙwabta. Mutanen Kano sun ga haka a unguwannin da aka cike kududdufai aka yi gini. Kuɗin tifa ɗari na ƙasa zai iya yin abin da ya fi wannan amfani.

Na farko, a yashe shi da rani. Baƙar lakar nan taki ce ta shekara arba'in, a tsince leda da gwangwani a kai ta gonar makaranta. Na biyu, a karkatar da lambatun kicin zuwa ramin tsiyaya, a kuma matsar da salga nesa da gangare. Na uku, a kewaye bakinsa da jema, domin saiwarta na riƙe ƙasa tana tace ruwan da ke gangarowa. Na huɗu, a gina kwami daga waje inda dabbobi za su sha ba tare da sun shiga ba, a zauna da shugabannin makiyaya a yi wannan cikin mutunci, domin su ma ba su da inda za su. Na biyar, kainuwa idan ta rufe ruwa a kwashe ta a haɗa takin gargajiya da ita, tun da abin da ta tsotsa daga ruwan shi ne muke son fitarwa. Idan ruwan ya sami iska, a zuba karfasa, ita za ta taimaka wajen rage tsutsar sauro.

Masu lambu kuma a nuna musu abin da aka gwada a Nijar. A takwarar garinmu, Illela ta jihar Tawa, manoma sun koyo gyaran tassa daga Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, wato a haƙa ɗan rami a zuba taki a shuka a ciki, ruwa da taki su tsaya a gindin shuka. Masu bincike a can kuma sun nuna cewa ɗan takin zamani cikin murfin kwalbar lemo, idan aka binne shi a gindi, yana yin aiki ba tare da an watsa buhu ba. Yanzu da taki ya yi tsada, ba sai an roƙi manomi ya saurari wannan ba.

A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai malaman gona, akwai likitoci da masu unguwanni. Ba mu da ikon mayar da Majiya Kalmalo, wannan maganar gwamnatoci ce. Amma ramin da ke bayan ajin da muka yi karatu bai fi ƙarfinmu ba. Idan ƙungiya ta amince, ni na ɗauki nauyin jemar da za a dasa, kuma zan zo da kwandona ranar yasa, ko Allah ya sa in kwashe kaɗan daga abin da na sa aka zuba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara haɗa kanmu, ya ɗaukaka makarantarmu. Wassalam.

Naku, ɗan ajin 1985.